Tsinkewar Agara: Lamarin Wani Tela a Maradi

Tela ne ɗan shekara 44, shagonsa na bakin babbar kasuwar Maradi, da yara uku masu koyon ɗinki a hannunsa. Kwana shida na mako a zaune yake yin su a kan keke. Ranar Lahadi da sassafe kuma sai ya ɗauko tsohon takalmin ƙwallonsa ya nufi wani fili a unguwar Zariya, inda magidanta irinsa ke haɗuwa su motsa jini kafin rana ta buɗe. Wata Lahadi a farkon Sha'aban aka turo masa ƙwallo gaba, ya yunƙura zai bi, sai ya ji ƙas! a bayan ƙafarsa ta dama, ya kife. Da ya ɗago, neman wanda ya sa masa ƙafa ya fara yi, har da baƙar magana a bakinsa. Babu kowa kusa da shi.

Duk ma'aikacin lafiyar da aka ba wannan labari, ya kamata hankalinsa ya tafi kan agara tun bai taɓa ƙafar ba. Ita ce jijiyar nan mai kauri da ke saukowa daga tsokar sharaɓa ta kama ƙashin diddige, kuma babu wadda ta kai ta ƙarfi a jikin ɗan Adam. In mutum na gudu, nauyin da take ɗauka ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Amma akwai wani wuri, daga santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta kama ƙashi, da jini bai cika wadatarwa ba, kuma nan ne ta fi tsinkewa. Waɗanda ta fi yi wa haka maza ne 'yan shekara 30 zuwa 50, masu zama duk mako su tashi rana ɗaya su yi gudun samari. Ƙwararru ma ba su tsira ba: ita ta hana David Beckham buga gasar cin kofin duniya ta 2010.

Kwana goma sha ɗayan da aka ɓata

Abin da ya yaudari telan, ya kuma yaudari duk wanda ke filin, shi ne ya miƙe ya taka. Yana ɗingishi, amma yana tafiya, zafin ma kafin azahar ya lafa. Da abokansa suka ce ya motsa ƙafar ya nuna ƙasa da yatsu, ya motsa. Wannan ba shaida ba ce ta komai, domin akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke bi ta bayan idon sawu zuwa yatsu, suna iya sunkuyar da ƙafa in ba nauyi a kanta. Abin da ba za su iya ba shi ne ɗaga mutum a kan yatsunsa. Babu wanda ya ce ya gwada ɗage.

Da yamma mahaifiyarsa ta sa aka kai shi wurin wani dattijo mai ɗori. Dattijon ya lalube ƙafar tun daga gwiwa har yatsu, ya ce, "Ɗana, ƙashinka lafiya lau. Targaɗe ne." Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ba za a raina masa sanin ƙashi ba. Matsalar tana cikin abin da ya biyo baya: ya gasa wurin da ruwan zafi, ya murza da man kaɗanya, sannan ya kama tafin ƙafar ya danno shi sama wajen ƙwauri, wai don jijiya ta miƙe, ya ɗaure a haka. Bayan kowane kwana uku ana komawa a maimaita. A targaɗe na gaske da wuya wannan ya yi wata ɓarna mai yawa. A agarar da ta tsinke kuwa, duk dannawa ɗaya ƙara nisanta bakin jijiyar biyu take yi, ga tsokar sharaɓa tana ta janye bakin sama.

Kada kuma a ɗora wa mai ɗori laifin shi kaɗai. A kwana na biyar telan ya je wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, aka yi masa hoton radiyo, aka ga babu karaya, aka rubuta masa maganin zafi aka sallame shi. Radiyo ƙashi yake nunawa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan rauni ba a gane shi a gani na farko, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: marar lafiya ya shigo da ƙafarsa.

Ba ciwo ya kai shi babban asibiti ba, keke ne. Azumi na matsowa, an fara kawo ɗinkin Salla, ya zauna zai taka sai ƙafar ta ƙi. Diddige na dannawa, gaban ƙafa babu ƙarfi. Babur ɗinsa ma ya kasa bugawa ya tashi, sai yaronsa ya buga masa.

Abin da aka gani

Gwajin bai ci minti biyu ba, kuma bai buƙaci na'ura ba. Likitan ƙashi ya sa shi ya kwanta rub da ciki, ƙafafu na reto a bakin gado. Ya matse sharaɓar hagu, tafin ƙafa ya sunkuya da kansa. Ya matse ta dama, ko motsi. Wannan gwaji wani likitan Ingila mai suna Simmonds ya bayyana shi a 1957, wani na Amurka mai suna Thompson ya sake bayyana shi a 1962, kuma duk majon da ke asibitin ƙauye zai iya yin sa. Sannan aka lanƙwasa masa gwiwoyi biyu yana kwance: ƙafar hagu ta tsaya a ɗan sunkuye kamar yadda aka saba, ta dama ta zube. Da likitan ya bi bayan ƙafar da yatsa, sai yatsan ya faɗa wani rami kamar yatsu uku sama da diddige. Kumburi ya so ya ɓoye shi, amma yana nan.

Hoton eko, wanda ke nuna nama da jijiya, ya ƙarasa magana. Jijiyar ta rabu gaba ɗaya, kuma ko da aka sunkuyar da ƙafar iyakar sunkuyawa, bakin biyu ba su haɗu ba. Kusan santimita 2 ta rage a tsakani.

Sai aka zo tambayar magunguna. Da farko ya ce ba ya shan komai. Matarsa ce ta ce, "Malam, ka manta na taifod ɗin nan?" Kamar mako uku kafin faɗuwar ya yi zazzaɓi da ciwon ciki, ya yanke wa kansa hukuncin taifod ce, ya sayi sifuro (wato sifurofulokasasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta) a wurin mai tallar magani a kan tire, tare da wani haɗi na ciwon jiki. Da aka kawo ragowar ledar, akwai dekisa a ciki, maganin nan mai rage kumburi. Sifurofulokasasin da danginsa an san su da raunana jijiyoyi, musamman agara. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta sa gargaɗi mafi tsanani a kan kwalinsu saboda haka. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara 60 da wanda ya haɗa su da magani irin dekisa, kuma yana iya bayyana cikin kwana biyu da fara sha ko bayan watanni da dainawa. Mutum ɗan 44 da ke zaune duk mako agararsa na iya tsinkewa ko babu wannan, amma a garin da ake sayar da ƙwayoyin nan kamar goro, tambayar ta zama dole ga duk wanda ya zo da ciwon diddige.

Aiki ko ɗauri?

Telan tsoron wuƙa yake, kuma wani abokinsa ya riga ya karanto masa a waya cewa yanzu a Turai ba a yi wa wannan ciwo aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2022 an buga wani babban bincike daga ƙasar Nowe a kan mutum sama da 500, aka raba su uku: ɗauri kawai, aiki na buɗewa, da aiki ta ƙananan ƙofofi. Bayan shekara guda, yadda suke jin ƙafafunsu bai bambanta ba. Inda aka bambanta shi ne sake tsinkewa: kashi 6.2 cikin ɗari a masu ɗauri, kashi 0.6 a waɗanda aka yi wa aiki. Su kuma masu aikin sun fi samun lahani a jijiyar da ke kai ji gefen ƙafa. Wato kowace hanya da kuɗinta.

Sai dai abokin bai karanta sharaɗin ba. Mutanen wancan bincike an ɗaure musu ƙafa a sunkuye tun kwanakin farko, lokacin da bakin jijiyar ke kusa da juna. Agara za ta warke ko an ɗinka ko ba a ɗinka ba, domin jiki zai cike gurbin da tabo. Abin tambaya shi ne a wane tsawo za ta warke. Kinen (mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki) da ya karɓi lamarin daga baya ya yi masa bayani da abin da ya fi kowa sani: "Maigida, in bel ɗin kekenka ya saki, ka taka da duk ƙarfinka, allura za ta ci?" Ya ce a'a. "To haka sharaɓarka take. In jijiyar ta warke da tsawo, tsokar za ta ja, diddige ba zai amsa ba, kuma babu motsa jikin da zai sake gajarta ta." A ganina wannan shi ne zuciyar lamarin duka, kuma shi ne abin da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba. Suna tsoron kada ta sake tsinkewa, alhali abin da ya fi cin mutane a ɓoye shi ne ta warke a sake.

Da kwana goma sha ɗaya na murza da dannawa, da gurbin da ya ƙi rufewa, likitan ya ba da shawarar aiki, kuma ya ce kada a ƙara jinkiri. In aka wuce mako huɗu zuwa shida, tsokar takan janye ta ƙame, sai an yanko wata jijiya, galibi wadda ke lanƙwasa babban yatsa, a yi gada da ita. Kuɗin bai zo da sauƙi ba. Ƙanensa da ke fatauci tsakanin Maradi da Kano ya ɗauki mafi yawa. Aka duba sukarinsa aka ga lafiya, ba ya shan taba, abubuwa biyu da ke hana fatar wurin haɗewa. A kwana na sha uku aka yi masa allurar baya, aka buɗe, aka share tabon da ya fara taruwa, aka ɗinke bakin biyu, aka sa siminti ƙafa na kallon ƙasa.

Azumi a kan gado

Mako biyun farko babu takawa ko kaɗan, ƙafa a kan matashi sama da ƙugu. Fatar bayan diddige siririya ce, jini kaɗan ke zuwa mata, ga zafin bazarar Maradi da gumi a cikin siminti. In wurin ya ruɓe, gyaransa ya fi na jijiyar wuya. An cire zare a kwana na sha huɗu, wurin a bushe.

Haɗari na biyu shi ne daskarewar jini a jijiyoyin sharaɓa, wanda ya yawaita a wannan rauni ko an yi aiki ko ba a yi ba, tunda tsokar da ke tura jini sama ta daina aiki. An rubuta masa allurar tsinka jini ta ƙarƙashin fata, ya mayar da ita bayan shan ruwa da azumi ya kama, aka kuma matsa masa ya riƙa shan ruwa sosai tsakanin magariba da sahur. An gaya wa matarsa alamun da ba a kwana da su a gida: sabon kumburi mai tauri, zafi a sharaɓa, ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa.

Bayan cire zare aka koma takalmin nan mai tauri da ke kaiwa ƙasan gwiwa, wanda ƙanen ya aiko daga Kano. Na hannu ne, kuma ya zo babu matakan da ake sawa ƙarƙashin diddige. Kinen ya zana su a takarda, wani mai gyaran takalmi a bakin kasuwa ya yanko guda uku daga roba mai tauri, kowanne kaurin santimita ɗaya, ya goge bakinsu. Da ukun a ciki ya fara ɗora nauyi kaɗan-kaɗan da sanduna biyu, ana zare ɗaya bayan kowane mako biyu. Wanda bai sami irin takalmin ba kada ya ɗauka an bar shi a baya: wani bincike na Ingila a 2020, a kan mutum 540 da ba a yi wa aiki ba, ya kwatanta siminti da takalmin, bayan wata tara ba a ga wanda ya fi ba. Takalmin dai ya fi daɗin zama, ana kuma iya cire shi a duba fata.

Abubuwan da takardar asibiti ba ta rubuta ba su suka fi cin lokaci. Makewayin gidansa na tsuguno ne, kuma babu abin da ke miƙe agara kamar tsuguno. Sai da mai walda ya ƙera kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya. Salla ya koma yi a kan kujera, bayan limamin unguwarsu ya zo duba shi ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini na yin salla a zaune ga wanda bai iya tsayuwa, ya kuma nuna masa yadda ake shafa a kan ɗauri wajen alwala. Da takalmin yake barci. Ɗinkin Salla kuwa, ya zama mai awo da yanka a tsakar gida, ƙafa a miƙe kan benci, yara na kai da kawowa tsakanin gida da shago. Ya mayar da ɗinki da dama, wasu masu kayan ba su dawo ba.

Santsin mako na goma

An zare matakin ƙarshe a mako na takwas, ya fara tafiya cikin gida da takalmi rufaffe mai ɗan tudu a diddige. Silifa da tafiya ba takalmi an hana. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari, domin zafi ya tafi, mutum na jin ya warke, jijiyar kuwa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Sake tsinkewa ta fi aukuwa a 'yan makonnin nan na bayan cire ɗauri.

Wata asuba ya fito alwala da silifar matarsa, ya taka inda ruwa ya jiƙa siminti, ƙafar dama ta zame baya da nauyinsa a kai. Ya ji zafi mai kaifi. Kafin hantsi suna asibiti. Aka matse sharaɓa, ƙafa ta amsa. Eko ya nuna ɗinkin na nan, sai ɗan jini a gefensa. Aka mayar da shi cikin takalmi mai tauri da mataki ɗaya na mako biyu. Da kinen ya sake kwantar da shi ya kwatanta yadda ƙafafun biyu ke hutawa, ta dama ta ɗan fi zubewa fiye da yadda take kafin santsin. Kaɗan ne, amma ana gani. Mahaifiyarsa da ta zo gaishe shi cewa ta yi, "Sauri ya haifi nawa," bai ce komai ba.

Gina tsokar

Sharaɓar da ta yi wata uku ba aiki ta zama kamar ta yaro. Aikin dawo da ita ba shi da wani armashi, kuma a nan mafi yawan mutane ke gudu, tunda kowane zuwa wurin kine kuɗi ne da kuɗin kabu-kabu. Saboda haka aka tsara abin da zai yi a gida, yana zuwa awo lokaci-lokaci. Ya fara da ɗaga diddige a zaune, sannan da jarkar ruwa a kan gwiwa, ana ƙara ruwan mako-mako. Daga nan ɗage a tsaye da ƙafa biyu yana dafe da bango, sai hawa da biyu a sauko da ta dama ita kaɗai a hankali. An hana shi jan jijiyar da sunan miƙewa har bayan wata uku, kuma ko bayan nan ba a matsa ba, don taurin idon sawu na sakewa da kansa da tafiya.

Keken ɗinkin ma ya shiga cikin magani. A wata na huɗu, daf da Sallar Layya, aka ba shi izinin takawa na minti goma sau uku a rana, ƙafar hagu na taimakawa, aka riƙa ƙarawa. Motsin na sama da ƙasa ne, babu nauyin jiki a kai, ya dace da matakin da yake. A lokacin ne kuma ya koma sujada a ƙasa, da farko yana shimfiɗa bayan ƙafar maimakon kafa yatsu. Tafiya cikin rairayin lungunan unguwa an jinkirta ta, domin diddige na nutsewa ya ja jijiyar. Aka ce ya bi kwalta da ƙasa mai tauri. Babur sai a wata na biyar, tunda birkin baya a ƙafar dama yake.

Ɗage da ƙafar dama ita kaɗai bai samu ba sai a wata na shida, sau uku, yana rawa. Gudu kaɗan-kaɗan ya fara a wata na takwas, bayan ya iya yin ɗagen sau ashirin a jere.

Awon shekara guda

Yana tafiya ba ɗingishi, yana yini a kan keke, yana tsugunawa. Kaurin sharaɓar dama ya gaza na hagu da santimita 2. In ya yi ɗage da hagu diddige na tashi santimita 12 daga ƙasa, da dama 9; wannan ratar ita ce alamar jijiyar ta ɗan ƙara tsawo, kuma da wuya ta rufe duka. Jijiyar ta ninka ta hagu kauri, wanda haka ake tsammani. Gefen ƙafar wajen ƙaramin yatsa akwai ɗan wurin da ji bai dawo sosai ba. Yana zuwa filin Lahadi ya zagaya da gudu, amma bai koma buga wasa ba, kuma shi ya zaɓi haka.

Sabon ƙorafinsa a ƙafar hagu yake, wadda ta yi shekara tana ɗaukar nauyin biyu: tauri da zafi a agara in ya sauko daga gado da asuba, yana sakewa bayan 'yan taku. Eko ya nuna kauri a tsakiyar jijiyar, babu yagewa. Wani mai kemis ya ce ya zo a yi masa allura a wurin, kinen ya hana, domin allurar dangin dekisa a cikin agara na iya kai ta ga tsinkewa. Aka ɗora shi a kan tsarin da likitan Suwidin Alfredson ya bayyana a 1998: ya tsaya da gaban ƙafa a bakin dakali, ya sauke diddige a hankali ƙasa da bakin, sau 15 jeri uku gwiwa a miƙe, sau 15 jeri uku gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, har mako 12. A katinsa na asibiti kuma an rubuta da jan biro cewa kada a sake ba shi sifuro ko danginsa sai in babu wani maganin da zai yi.